Yadda zaka auna ko hanyarka tana da tabbas ko babu

Duk wanda ke fitowa daga Mararaba ko Nyanya zuwa cikin Abuja aiki ya san gosulo kam ba sabon abu bane, abinda yafi ciwo shine baka san na yau ba. Litinin ka isa shataletalen AYA da ke Asokoro cikin minti 45, Talata ka fito daidai wannan lokacin amma awa daya da rabi kana tsakanin gadar Karu da Kugbo oga na ta kiranka a waya. To wannan rashin tabbas din ana iya aunashi, kuma agogon waya da littafi kawai kake bukata.

Ka tsaida wajen farawa da wajen karewa, kar ka canza su, haka lokacin fita, in karfe 6:30 ne ya zama 6:30 kullum. In motar haya kake hawa ka fara kirga tun daga sanda ka tsaya bakin titi, don jiran mota shima lokacinka ne yake ci. Ka rubuta mintunan har na ranakun aiki 20, wato kusan wata guda kenan. A gefe ka dan saka dalili, ruwan sama ne, tirela ce ta fadi, ko shingen bincike. Wasu suna goge irin wadannan ranakun wai ai tsautsayi ne, kuskure babba, su din fa muke nema.

In sun cika sai ka hada su duka ka raba 20, ka samu matsakaici. Sannan ka jera su daga karami zuwa babba ka dauki na 19. Ma'anarsa in ka ware wannan lokacin, a cikin kwana 20 sau daya ne kacal zaka makara. Haka hukumar manyan hanyoyi ta Amurka take lissafin nata, kashi 95 cikin 100 suke dauka, wato daidai da 19 cikin 20 din nan, sai dai su na'urori ke tara musu bayanan.

Misali ace matsakaicinka minti 50 ne, na 19 kuma minti 90. Cire 50 daga 90 saura 40, raba 40 da 50 ya baka kashi 80 cikin 100. Wato dole kullum ka kara minti 40 akan abinda ka saba in dai baka son kunya, ko da kuwa yawancin ranakun zaka isa da wuri ka zauna kana hamma a ofis. Yanzu ace akwai wata hanyar mai matsakaicin minti 60 amma na 19 dinta 70 ne, ni dai ita zan bi wallahi, duk da a ido tafi tsawo, don da ita zaka iya yiwa mutum alkawari.

Kar ka cakuda safe da yamma, kowanne da shafinsa. Juma'a ma gara a wareta daban saboda sallah da masu barin gari, sannan lissafin rani baya aiki da damina sai ka sake sabo. Google Maps yana taimakawa in ka saka masa lokacin tashi, zai baka tazara daga minti kaza zuwa kaza, babbar lambar zaka duba ba karamar ba, amma shi baisan tsawon layin da ka tarar a tasha ba.