Saura kwana tara GRE, ban shirya ba: yadda ake yanke shawarar ɗagewa

Saura kwana tara in zauna jarrabawar GRE, wadda ake yi don neman gurbin karatun digiri na biyu ko na uku a jami'o'i irin na Amurka, ƙarfe ɗaya na dare ta same ni ina fama da wata tambayar kaso cikin ɗari da ɗan aji uku na ƙaramar sakandare zai warware yana hira. Kaina ya toshe. Kuɗin rajista, dala 200 da 'yan kai, sai da yayata ta cika mini kafin na iya biya. Da safe na kira ta na ce, "Yaya, ina ganin ɗagewa zan yi." Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, in ka ɗage, me zai canja?" Ban da amsa. Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan tambayar ya fito.

Kafin komai, kada ka tambayi zuciyarka ko ka shirya. Saura mako guda, kowa ji yake bai shirya ba, har wanda zai ci. Gwaji za ka tambaya. Hukumar ETS mai shirya jarrabawar tana da gwajin POWERPREP, akwai na kyauta. Ka zauna masa yadda za ka zauna wa ta gaske. Tun Satumba 2023 jarrabawar ba ta cika awa biyu ba: rubutu guda na minti 30, tambayoyin Turanci 27 a kashi biyu, na lissafi ma 27 a kashi biyu. Ka rufe ɗaki, ka kashe waya, ka yi cajin kwamfuta tun da wuri, kada ka tsayar da agogo don an kawo shayi. Makin Turanci da na lissafi kowanne daga 130 zuwa 170 yake. Ni na tashi da 149 a lissafi, alhali sashen da nake nema a Amurka wajajen 160 yake so.

Makin ba shi ne babban labari ba, kurakuran ne. Na ɗauki biro na bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasu garaje ne kawai, an tambayi rabin abu na ba da dukansa. Wasu lokaci ne ya ƙare ban kai kansu ba. Irin waɗannan biyun mako ɗaya na iya rage su, musamman da yake ba a cire maki don ka yi kuskure, don haka ba dalilin barin tambaya fayau. Amma nawa mafi yawa na uku ne: abin da ban sani ba sam, ko na sani tun sakandare ya gudu. Wannan ba ya gyaruwa da kwana tara, haka ma ƙarancin kalmomin Turanci, waɗanda ba a haɗiye su dare ɗaya kamar ƙwayar magani. Ga wani abu kuma: wahalar kashi na biyu tana bin yadda ka yi a kashi na farko. In tushe ya yi rauni, tun a kashin farko za a sauko da kai, makin da za ka iya kaiwa ya ragu.

Daga nan sai kalanda, kuma daga baya ake ƙirgo ta. Jami'o'in Amurka da yawa suna rufe karɓar takardun digirin digirgir a farko ko tsakiyar Disamba. Cikakken sakamako yana ɗaukar kwana 8 zuwa 10. Wanda zai sake zama sai ya jira kwana 21, kuma sau biyar kaɗai aka yarda cikin wata 12. Ke nan in za a rufe 15 ga Disamba, zamanka na ƙarshe ya faɗo ƙarshen Nuwamba, in kuma kana son damar gyara, na farko kada ya wuce farkon watan. Nan mutane suke cutar kansu: su ɗage zuwa ranar ƙarshe, su cinye damar sakewa da hannunsu. In ɗagewa za ta kai ka can, gara ka shiga yanzu. Kuma kada ka saki ranarka sai ka ga kujera a cibiyar da za ka iya zuwa, domin a lokacin rububi sukan cika.

Maganar kuɗi gajera ce. Ɗagewa dala hamsin da 'yan kai ce, sake zama kuwa cikakken kuɗi ne. Sharaɗi shi ne ka yi ta aƙalla kwana huɗu kafin ranar. In Asabar ce jarrabawarka, Talata ce iyaka. Ka soke a kan lokaci, a mayar maka da rabi. Ka ƙi zuwa kawai, kuɗi sun tafi.

Tsoron cewa mugun maki zai bi ka har abada kuwa, yawanci ba shi da tushe. Sakamako yana aiki shekara biyar, amma da tsarin ScoreSelect kai kake zaɓar zaman da za a tura, sai dai ka duba ko jami'arka ta ce a turo duka. Af, tunda ka shiga shafinta, ka tabbatar har yanzu tana buƙatar GRE ɗin ma. Tun lokacin korona sassa da yawa suka sauke ta ko suka mayar da ita zaɓi.

Rashin lafiya, rasuwa a gida, fasfo da ya ƙare ko sunan da ke cikinsa ya saɓa da na rajista, waɗannan ba sa bukatar dogon tunani: ka ɗage.

Saura tambayar Yaya. In ba za ka iya nuna awannin da za ka yi karatu a takarda ba, wace rana, ƙarfe nawa, wane babi, to ɗagewarka sayen fargaba ce ta wani wata da dala. Ni koyarwa nake yi, kuma hutun zango ya kusa, shi ya sa na ɗage da mako biyar. Na ware bayan asuba zuwa ƙarfe takwas don lissafi, bayan isha'i don kalmomi, kowace Asabar gwaji da agogo. Ranar da na sake kiran ta na karanto mata jadawalin, cewa ta yi, "Yauwa. Amma kuɗin ɗagewar daga aljihunka."