Babi na Shida: Farfaɗo da Tsohon Keken Ɗinki na Masana'anta da Koyon Hawansa

Keken ɗinki na masana'anta ba irin na gida ba ne. An ƙera shi ne don ya wuni yana aiki, yau da gobe, shekara da shekaru. Jikinsa ƙarfe ne mai nauyi, kansa kaɗai yakan kai kusan kilo 30, injinsa kuma a ƙarƙashin tebur yake, bel ne ke haɗa su. Keken gida na lantarki da wuya allurarsa ta wuce suka 1,000 a minti ɗaya. Amma irin su Juki DDL-8700, ƙirar ƙasar Japan, allurarsu kan yi suka har 5,500 a minti. Saboda ƙarfin ƙirarsa, ko ya tsufa, ko ya shekara a ajiye ƙura ta lulluɓe shi, yawanci yana da sauran aiki a jikinsa. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abu ɗaya nake so ku riƙe tun daga nan: kada ku yi saurin kunna shi. Hannu ne zai fara sanin keken, sannan ƙafa, gudu kuwa shi ne na ƙarshe.

Yadda ɗinkin yake ƙulluwa

Zare biyu ke yin ɗinkin. Na sama yana bin allura, na ƙasa yana naɗe a kwarkwaro, kwarkwaron kuma yana cikin ƙoshiya a ƙarƙashin faranti, wato ƙarfen da yadi ke kwanciya a kansa ƙarƙashin allura. Idan allura ta nutsa cikin yadi ta fara tasowa, zaren sama yakan yi ɗan lanƙwasa a gefenta. Nan take wata ƙugiya mai juyawa za ta cafke shi, ta zagayar da shi bayan ƙoshiya, sai zaren biyu su sarƙe a tsakiyar yadin. Wani Ba'amurke mai suna Elias Howe ne ya yi rajistar keke mai irin wannan ɗinki a 1846, Isaac Singer kuma ya fito da nasa a 1851. Har yau a kan wannan dabara ake tafiya. Wanda ya gane haɗuwar allura da ƙugiya ya gane rabin matsalolin keke.

Dubawa da hannu

Ku cire fulogi daga wuta tukuna. Ku zare bel, ku kama wilin da ke hannun dama ku juyo shi wajenku a hankali. Wajenku ake juya shi kullum. Ku saurara, ku kuma ji da tafin hannunku. Keke mai lafiya yana juyawa sumul, ba cijewa, ba ƙarar ƙarfe na gugar ƙarfe. Idan ya yi nauyi ko'ina daidai wa daida, galibi tsohon mai ne ya daskare, wannan kuwa abu ne mai sauƙi. Idan kuma wuri ɗaya yake cijewa a kowane zagaye, to ko zare ne ya maƙale a ƙugiya, ko wani ƙarfe ya lanƙwashe. Kada ku sa masa ƙarfi.

Ku kama sandar allura ku girgiza ta gefe da gefe. Idan tana rawa sosai, mazauninta ya cinye. Sannan ku kwantar da kan keken baya, ku shafa bakin ƙugiya da farce. Ya kamata ya kasance da tsini da santsi. Kaushi ko ɗan ɓalli a wurin shi ke tsinka zare. Ku duba haƙoran da ke jan yadi, ko sun dakushe. Duk waɗannan ana samun madadinsu, musamman idan keken na sanannen kamfani ne kamar Juki ko Brother ko Singer. Don haka ku kwafi lambar da ke manne a gaban keken a littafinku, harafi da harafi. Da ita ake neman kayan gyara.

Wanki da mai

A nan za ku fi daɗewa, kuma ya cancanta. Ku tanadi sukudireba babba da ƙarama, ƙaramin buroshi, tsumma mai tsabta, da murfin gwangwani na zuba sukurori. Ku cire allura da takalmi, wato ƙarfen da ke danne yadi, ku kwance sukurori biyun da ke riƙe da faranti. Abin da za ku gani tsakanin haƙora zai ba ku mamaki: burbushin zare da ƙura sun cakuɗe da mai, sun dunƙule sun yi tauri kamar tsohuwar katifa. Wannan dattin yana hana haƙora tasowa yadda ya kamata, sai mutum ya zaci keken ne ya lalace. Ku sa tsinke ku ƙwaƙule shi, ku share da buroshi. Kada ku hura da baki, don cusa dattin ciki za ku yi, ga kuma danshin numfashi da ke jawo tsatsa.

Inda mai ya daskare ya yi ja kamar ƙaro, ku ɗiga kananzir kaɗan, ku bar shi ya kwana, washegari ku goge ku juya wili. Ku kiyaye kada kananzir ya taɓa bel ko wayoyi ko inji, kuma kada a yi aikin kusa da wuta.

Kan keken yana zaune ne a kan wani kasko mai cike da mai. Akwai ɗan famfo da ke zuƙo man yana watsa shi cikin keken idan yana gudu. Ku kwashe tsohon man duka, ku goge kaskon tas, ku share ragar da ke bakin famfon. A jikin kaskon akwai alama biyu. Ta sama an rubuta HIGH, ta ƙasa LOW. Ku zuba sabon mai har ya kai ta sama, kuma duk ranar da ya sauka zuwa ta ƙasa a ƙara. Man keken ɗinki fari ne garau kamar ruwa, shi kaɗai za ku zuba. Man girki yana yin yauƙi ya daskare, baƙin man mota ya yi kauri kuma yana ɓata yadi. Ina jin takaici ƙwarai idan na ga keke mai kyau da aka kashe da man da bai dace ba, alhali maganin abin bai wuce a tambaya ba.

Shawara ɗaya kafin mu wuce: sukurun da ba ku san aikinsa ba, ku ƙyale shi. Wanda kuka kwance kuwa, ku ɗauki hotonsa da waya kafin ku taɓa.

Inji da bel

A jikin inji akwai ɗan allo da aka rubuta irin wutar da yake sha. Ku karanta, ko ku nemi mai aikin lantarki ya karanta muku, domin wani na wuta mai ƙarfin volt 110 ne, wani na 220, wani kuma na wutar masana'anta mai layi uku ne wanda ba ya tashi da wutar gida. Wayar da ta tsage ko ta ƙone a canza ta kafin komai.

Inji iri biyu ne. Tsofaffin kekuna galibi mai kuloci suke zuwa da shi. Da an kunna shi yana ta juyawa yana gurnani, ko ana ɗinki ko ba a yi, feda ce kawai ke haɗa shi da keken. Ɗayan shi ake kira sarbo. Shi shiru yake sai an taka, ba ya shan wuta sosai, kuma yana da wurin rage gudu. A ganina, mai koyo da ke da hali ya sa sarbo, zai huta. Wanda bai samu ba, ya sa a canza masa fuli, wato ɗan wilin da bel ke hawa a bakin inji, da ƙarami, gudun zai ragu.

Ku mayar da bel, ku danna tsakiyarsa da yatsa. Ya lotsa kamar faɗin yatsa ɗaya. In ya yi sako-sako zai riƙa zamewa, in ya ɗaure da yawa zai wahalar da inji.

Allura

Allurar wannan keke daban take da ta keken gida. Ta gida tana da gefe ɗaya shafaffe a gindi, ba ta shiga sai ta hanya ɗaya. Ta masana'anta gindinta kewayayye ne, ko ta yaya aka sa ta za ta shiga, nan kuwa ake yin kuskure. Yawancin kekunan ɗinki miƙaƙƙe suna amfani da wadda aka rubuta DBx1 a kwalinta. Lamba 11 ta yadi mai laushi ce, 14 ta matsakaici, 16 da 18 na mai kauri.

Ku ɗauki allura ku murza ta tsakanin yatsu a wurin haske. Gefe ɗaya za ku ga dogon kwari tun daga sama har ido. Ɗaya gefen kuma ɗan rami ne a saman ido, kamar an yanke shi da wuƙa. Dogon kwarin ya dubi hagu, ɗan ramin ya dubi dama, domin ta nan ƙugiya ke wucewa. Ku tura ta sama har ta ƙure, sannan ku ɗaure. Zare kuma daga hagu yake shiga ya fita dama.

Na taɓa koyar da wata baiwar Allah da ta kwana uku tana fama da keke yana tsallake ɗinki. Har ta fara cewa an cuce ta. Da muka duba, allurar ce ta juya baya. Muka juya ta, ko minti ɗaya ba a yi ba, ɗinki ya fito layi ɗaya kamar an ja da rula. Murnar da na gani a fuskarta ranar ban manta da ita ba. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini kukan keke, allura nake fara tambaya.

Koyar da ƙafa

Ku cire zare duka, ku cire allura, ku ɗaga takalmi. Ku zauna sandar allura na daidai da tsakiyar ƙirjinku, a ɗaure hannun riga da mayafi da duk abin da ke lilo, kada bel ya fizga. Sai ku kunna. Ku ɗora tafin ƙafa gaba ɗaya a kan feda. Danna gaba tafiya ce, danna dunduniya birki ne. Ranar farko keken zai zabura da ku kamar doki ya ji bulala. Kowa haka ya fara. Ku saki, ku numfasa, ku sake dannawa kaɗan-kaɗan har ku gano daidai inda yake fara motsi. Wannan ɗan wurin shi ne sirrin hawan keke mai kuloci. Ku bar shi ya yi gudu matsakaici na minti goma, kuna kallon ɗan gilashin da ke saman kansa. Idan kun ga mai yana fantsama ciki, famfo na aiki.

Bayan haka ku mayar da allura, ba zare, ku ja layuka a takarda ku bi su. Miƙaƙƙe tukuna, sannan kwana, sannan da'ira. A kwana, ku tsaya allura na cikin takarda, ku tura sandar da ke gefen gwiwarku ta dama, takalmi zai ɗaga, ku juya takardar, ku saki. Da gwiwa ake wannan don hannu biyu su zauna a kan aiki. Hannu saiti kawai yake yi, haƙora ne ke ja. Mai jan yadi da ƙarfi shi ke karya allura. Kada ku ga kamar wasan yara ne kuna huda takarda kwana da kwanaki. Yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

Ku kula da wannan sosai: inji mai kuloci yana ci gaba da juyawa bayan an kashe makunni. Mutane da yawa sun soke yatsa a haka, sun kashe wuta sun kai hannu wajen allura, ƙafa ta taɓa feda. Idan kun kashe, ku jira har gurnaninsa ya ɗauke ɗif kafin ku sa zare ko ku canza allura, ƙafa kuma tana ƙasa.

Daidaita zare

Ku naɗa kwarkwaro, kada ya cika maƙil, a bar ɗan baki. Ku sa shi a ƙoshiya, ku riƙe bakin zaren, ƙoshiyar na reto, ku ɗan girgiza hannu. Ta sauko kaɗan ta tsaya, shi ne daidai. In ta zube ƙasa, ku ɗaure ɗan sukurun da ke jikinta kaɗan ƙwarai. Zaren sama kuma ku tabbata ya shige tsakanin faifai biyun nan masu matse shi, kuna tura gwiwa lokacin sakawa don su buɗe.

Ku gwada a ƙyalle ninki biyu, da zare kala biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, don ku gane mai laifi. Idan zare ya yi cunkus a ƙarƙashin yadi, kada ku zargi ƙoshiya, na sama ne ya yi sako-sako ko ya kuɓuce daga faifai. Ku sake saka shi, ku murɗa notin faifan zuwa dama kaɗan. Idan kalar ƙasa ta leƙo sama, na saman ya matse da yawa, ku sassauta. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, sannan a taɓa wani.

In kun sa sabuwar allura daidai, zare ya bi hanyarsa, amma har yanzu yana tsallake, to lokacin haɗuwar allura da ƙugiya ne ya goce. Ƙugiya tana iso wa allura ne bayan ta taso kamar milimita 2 daga ƙasa, tazarar da ke tsakaninsu kuma ba ta wuce kaurin takarda ba. Wannan saiti aikin makaniki ne. Ku kira shi, ku zauna kusa da shi ku kalli hannunsa, ku yi tambaya.

Aikin wannan mako

Ku rubuta lambar kekenku da irin injinsa a littafinku. Ku zana allura, ku nuna gefen da ke duban hagu. Sannan kowa ya zo aji na gaba da takarda biyar da ya bi layinsu da allura, da ƙyalle ɗaya mai ɗinkin zare kala biyu, za mu juya bayansa mu duba tare.