Kurakuran da aka fi yi wajen ba da tarihin yaƙe-yaƙen Maraɗi

Ko a fadar samari ne ko a Facebook, yawancin masu ba da labarin yaƙe-yaƙen ƙasar nan da kuskure ɗaya suke farawa: su ce jihadin Shehu Ɗan Fodiyo ya ci ƙasar Hausa a 1804, shi ke nan. A 1804 dai aka fara, da gumurzun Tafkin Kwatto. Birnin Katsina bai faɗa hannun Ummarun Dallaje ba sai 1807, Alƙalawa, babban birnin Gobir, kuwa sai 1808, inda aka kashe Sarkin Gobir Yunfa. Ko bayan nan ma ba a sauke sirdi ba. Gidan sarautar Katsina ya yo arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulkinsa a Maraɗi wajajen 1819, aka shiga hari da ramuwa har ƙarshen ƙarnin. In za ka rubuta, ka ba kowane birni shekarar faɗuwarsa.

Kuskuren da ya fi yi mana daɗin baki shi ne cewa ba a taɓa cin Maraɗi da yaƙi ba. To, ina muka kai Gawakuke? A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tarwatsa haɗin gwiwar Gobirawa, Katsinawan Maraɗi da Abzinawa a can. Sarkin Gobir Ali ya mutu a filin, Rauda na Maraɗi ma haka, kuma bayan wannan karayar ce Gobirawa suka kafa Tsibiri, nan kusa da mu. Abin alfaharin shi ne an sha kashi amma sarautar ba ta mutu ba, har Sarkin Katsinan Maraɗi Ɗan Baskore ya zo daga baya ya hana garuruwan daular Sakkwato barci. Masu dogaro da rubuce-rubucen Sakkwato kaɗai su ma suna da nasu tuntuɓen, don 'yan tawaye kawai suke gani. Maganin duka biyun shi ne a ajiye rubutun can kusa da abin da ake faɗi a fadar Sarkin Katsinan Maraɗi da ta Tsibiri, a kuma tuna aikin maroƙi yabo ne, ba ya ƙirga waɗanda aka kashe wa ubangidansa.

Akwai kuma ɗaukar kowane yaƙi kamar hawan salla, kowa bisa doki cikin lifidi da sulke. Waɗannan kayan manya ne, masu tsada. Akasarin rundunar dakaru ne a ƙasa, da kwari da baka. Yawancin fitar ma hari ne na rani, bayan an kawar da amfanin gona: a faɗa wa gari, a kore shanu, a kama mutane. Kamun bayi kuwa kowane ɓangare ya yi shi, kada ka tsallake wannan don kunya.

Sai batun 1899. Ana yawan cewa Sarauniya Mangu ce ta gama da hafsoshin Faransa biyu, Bule da Shanuwan, da suka jagoranci rundunar mamaya. Ta kara da su a Lugu cikin watan Afrilu, gaskiya ne, amma sun wuce, suka yi ɓarna a Birnin Ƙonni, suka ci gaba gabas. A watan Yuli, bayan Bule ya sa an harbe Kanar Kulob da aka aiko ya tsayar da su, sojojinsu ne da kansu suka kashe Bule da Shanuwan a yankin Maijirgi, ta wajen Tasawa.

Kada kuma jin labaran tsallaken iyaka ya sa ka kai kakanka Bama. Sojojin Ingila, cikinsu har da 'yan Najeriya, su suka yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Namu tsoffin sojojin na Nijar a rundunar Faransa suka yi aiki, wasu daga baya a Indocin da Aljeriya, kamar tsohon shugaban ƙasa Saini Kunce. In takardun soja na tsohon suna nan a gida, duba su kafin ka rubuta inda ya je.