Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar ma'aunin S&P 500

Ma'aunin S&P 500, wanda ya fara aiki a tsarinsa na yanzu a watan Maris na 1957, shi ne abin da masu sharhi suka fi dubawa idan suna son sanin halin da kasuwar hannayen jari ta Amurka take ciki, domin manyan kamfanoni 500 da ke cikinsa sun ƙunshi kusan kashi 80 cikin ɗari na darajar kasuwar baki ɗaya. Yanzu da manhajojin waya suka ba mutum damar saka 'yan dalolinsa a can yana zaune a Kano ko Kaduna, masu ambaton sunan ma'aunin sun yi yawa, amma waɗanda suka san yadda ake lissafa shi kaɗan ne.

Kuskuren da ya fi yaɗuwa shi ne ɗaukar cewa kamfanoni 500 ɗin nan kafaɗarsu ɗaya. Nauyin kowane kamfani a cikin ma'aunin ya danganta ne da darajar hannayen jarinsa da ke yawo a kasuwa, saboda haka kamfanin da ya kai dala tiriliyan 3 yana da nauyin kamfani ɗari masu darajar dala biliyan 30 kowanne. A shekarun baya-bayan nan manyan kamfanoni goma, waɗanda suka haɗa da Apple da Microsoft da Nvidia da Amazon da Alphabet, sun riƙe kusan kashi ɗaya bisa uku na ma'aunin ko ma fiye, kuma akasarinsu na fasahar zamani ne. Ke nan ma'aunin yana iya hawa a ranar da yawancin kamfanonin cikinsa suka faɗi, muddin waɗannan ƙattan sun yi sama. Wanda ya zuba kuɗi yana zaton ya rarraba su daidai wa daida a wurare 500, a zahiri ya ɗora kaso mai tsoka a kan 'yan kamfanoni ƙalilan. Gyaran shi ne ya riƙa duba jerin manyan kamfanoni goma da kason kowannensu, ya kuma kwatanta da ɗan'uwan ma'aunin da ke ba kowane kamfani nauyi iri ɗaya, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna ko ribar ta game kasuwa ko ta tsaya a sama.

Girma kaɗai ma ba ya shigar da kamfani. Akwai kwamiti a S&P Dow Jones Indices (kamfanin da ke kula da ma'aunin) da ke zaɓe, kuma cikin sharuɗɗansa akwai cewa kamfanin ya ci riba idan aka haɗa rubu'i huɗu na ƙarshe (wato watanni goma sha biyu), abin da ya sa Tesla bai shiga ba sai a Disambar 2020 duk da girmansa. Haka kuma bai kamata a rikita wannan ma'auni da ma'aunin Dow Jones ba, wanda kamfanoni 30 ne kawai a cikinsa, kuma farashin hannun jari guda shi ke ba kamfani nauyi a can.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen maganar nan da ake yawan maimaitawa, cewa ma'aunin yana kawo ribar kusan kashi 10 cikin ɗari a shekara. Wannan matsakaici ne na shekaru masu yawa, an haɗa da rabon ribar da kamfanoni ke biya, kuma ba a cire hauhawar farashi ba. Shekarun ɗaiɗaiku ba kasafai suke kama da shi ba. Daga Oktobar 2007 zuwa Maris na 2009 ma'aunin ya rasa fiye da rabin darajarsa, bai kuma koma inda yake ba sai a 2013. Wanda ya zuba kuɗinsa a farkon shekarar 2000 ya kai ƙarshen 2009 da ƙasa da abin da ya zuba, ko da an lissafa masa rabon riba. A 2020 kuwa, lokacin annobar korona, ya faɗi da kusan kashi ɗaya bisa uku cikin 'yan makonni, sannan ya farfaɗo kafin shekarar ta ƙare. Waɗanda suka tsorata suka sayar a watan Maris su ne suka kwashi asarar. A ganina kuɗin makaranta, ko na haya, ko na aikin Hajji da ake sa ran biya baɗi, ba su da wurin zama a nan.

Ma'auni kamar mudu yake, ana awo da shi ne, ba shi ake saya ba. Abin da ake saya shi ne kaso a asusun da ke bin sawunsa, irin wanda John Bogle ya buɗe a kamfanin Vanguard a 1976, ko asusun SPY da ya fara ciniki a 1993. Tunda duk kaya ɗaya suke riƙe, bambancinsu yana wajen kuɗin kula da asusu da ake yanka duk shekara, kuma wannan ne ya kamata a kwatanta. Duk wanda ya yi alkawarin tsayayyar riba kowane wata da sunan S&P 500, to ba a ma'aunin yake zuba kuɗin ba, kuma ya kamata a fara bincika ko yana da rajista da hukumar SEC ta Najeriya, mai kula da hada-hadar hannayen jari.

Mai zuba jari daga nan yana da ƙarin lissafi. Ribar da dala ake auna ta, don haka faɗuwar naira kamar wadda ta biyo bayan sakar wa kasuwa farashinta a Yunin 2023 tana kumbura ribar a takarda, farfaɗowarta kuma tana rage ta. Amurka tana cire harajin kashi 30 cikin ɗari daga rabon ribar baƙin da ƙasarsu ba ta da yarjejeniyar haraji da ita, kuma Najeriya tana cikinsu. Sai batun halacci, wanda da yawa ba sa tambaya sai bayan sun saya: a cikin ma'aunin akwai bankunan da ke mu'amala da kuɗin ruwa kamar JPMorgan Chase, da kamfanonin giya da na caca. Akwai S&P 500 Shariah, wanda ke tace irin waɗannan da kuma kamfanonin da bashi ya yi wa yawa, sai dai cire bankunan yana ƙara wa kamfanonin fasaha nauyi a cikinsa fiye da yadda suke a ma'aunin asali.