In ka tono kayan mutanen da a gona ko wajen haƙa rijiya, ga yadda za ka yi

Jama'a, da yawa cikin manyan kayan tarihin ƙasar nan ba farfesoshi suka fara ganinsu ba fa. Kwalekwalen Dufuna na Yobe, mai shekara wajen 8,000, wani Bafulatani Malam Ya'u ne ya ci karo da shi a 1987 yana haƙa rijiya. Mutum-mutumin yumɓu na Nok, wani ƙauye a jihar Kaduna, kuwa wajen haƙar kuza aka fara tono su a 1928. To kai ma wata rana tana iya faɗo maka.

Da ka ji diga ta doki wani abu, ko ka hango bakin tulu, duwatsun ado ko ƙasusuwa, to tsaya cak. Kar ka fizgo, kar ka faɗaɗa ramin wai ko akwai zinare a ƙasa, don su masana zurfin da abin yake da gawayin da ke gefensa da su suke gane shekarunsa, in ka cakuɗa ƙasar shikenan ka ɓata lissafin ko da tulun bai fashe ba.

Ciro waya ka ɗauki hoto yana nan inda yake, ka aje biro ko takalminka a gefe don a gane girmansa, ka auna zurfin ko da da sanda ne, ka ajiye lokeshan. Wanda ya riga ya fito kuma don Allah kar a wanke shi da omo, kar a goge tagulla da lemun tsami wai tai ƙyalli. Icen da ya fito daga laka in ya bushe tsagewa yake, a mayar masa da jiƙaƙƙiyar ƙasarsa.

Sai ka rufe wajen da buhu da ƙasa kaɗan, ka sanar da mai unguwa ko dagaci, daga nan a kai magana gidan tarihi mafi kusa, irin su Gidan Makama a Kano ko na Jos, suna ƙarƙashin NCMM, wato hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa. Sashen ilimin tonon kayan tarihi na ABU Zariya ma za su saurare ka.

Amma fa kar ka yi saurin watsawa a Facebook, kafin gari ya waye 'yan haƙan dare sun rarake wajen. Dillali kuma in ya zo da 'yan canji kar ka sayar, dokar 1979 ta hana cinikin kayan tarihi da fitar da su waje ba izini, in ta ɓaci shi ya gudu, kai za a kama.