Kurakuran da ake yi wajen ba da tarihin Nixxes da ire-irensa

Masu rubutu da masu bidiyo kan wasannin kwamfuta suna yawan tuntuɓe idan aka zo kan ƙananan kamfanonin da aikinsu kwangila ne, wato su karɓi wasan da wani ya ƙirƙira su gyara shi ya yi aiki a wata na'ura. Nixxes Software na birnin Utrecht a ƙasar Holan misali ne mai kyau, domin kusan duk kuskuren da ake yi a wannan fanni an yi shi a kansa.

Na farko shi ne fara labarin daga tsakiya. Da yawa suna ɗauka cewa Nixxes ya fito ne a Yulin 2021, lokacin da Sony ta saye shi. Alhali Jurjen Katsman ya kafa shi tun 1999, kuma aikinsa na farko da aka sani shi ne kai Legacy of Kain: Soul Reaver daga na'urar PlayStation zuwa na'urar Dreamcast, wanda ya fito a 2000. Daga nan ya shafe sama da shekara ashirin yana yi wa kamfanonin wasa na Eidos da Crystal Dynamics aiki, daga baya Square Enix. Tomb Raider na 2013, Deus Ex: Human Revolution, Hitman: Absolution, duk shi ya yi musu na kwamfuta. Wanda ya tsallake waɗannan shekaru ba zai iya bayyana abin da ya sa Sony ta zuba kuɗinta a wurin ba.

Sai rikita wanda ya ƙirƙiri wasa da ɗan kwangila. Za ka ji wani yana cewa “wasan Nixxes, Spider-Man”. Kamfanin Insomniac ne ya ƙirƙiri Spider-Man a 2018, Nixxes ya kai shi kwamfuta a Agustan 2022. Haka Ghost of Tsushima: na Sucker Punch ne tun 2020, na kwamfuta ya zo a Mayun 2024. Gyaran mai sauƙi ne. Ka rubuta sunaye biyu da shekaru biyu, ka faɗi wa ya yi me. Akwai kuma kishiyar wannan kuskure, wato jingina wa Nixxes duk wasan Sony da ya shiga kwamfuta. God of War da ya shiga kwamfuta a 2022 Jetpack Interactive ne ya yi aikinsa, The Last of Us Part I kuwa Naughty Dog ne tare da Iron Galaxy.

Kuskuren da ya fi ɓata mini rai shi ne raina aikin, a ce ai kwafa kawai aka yi aka liƙa. Dubi Rise of the Tomb Raider a Nuwamban 2015. An gina shi ne don Xbox One mai ƙwaƙwalwar gigabait 8, sai aka ba Nixxes ya saka shi a Xbox 360 mai megabait 512, kuma su biyun suka fito rana ɗaya. Kamar tela ne aka miƙa wa babbar riga aka ce ya fitar da ta yaro, amma kada aikin wuya ya lalace. Dole a rage nauyin hotuna, a sake tsara yadda haske da inuwa ke aiki, a lissafa abin da za a loda da abin da za a sauke a kowane lungu da Lara Croft, jarumar wasan, ta shiga. A kwamfuta kuma matsalar ta juya: PlayStation na'ura ɗaya ce da kowa ya san cikinta, kwamfuta kuwa wannan yana da katin hoto na Nvidia, wancan AMD, wani Intel, wani allonsa dogo ne fiye da kima, wani kibod da maus yake so. Idan za ka rubuta tarihin irin wannan kamfani, nan ne naman yake. Ka ɗauki wasa guda ka nuna bambancin na'urorin biyu da lambobi.

Haka kuma a yi hattara da saurin ɗora laifi. Lokacin da Tomb Raider na 2013 ya fito a kwamfuta, masu katin Nvidia sun yi ta kukan cewa yana sarƙewa. Nvidia ta fito ta ce ba ta samu kammalallen wasan ba sai ana saura 'yan kwanaki ya fita, aka kuma gyara daga baya. Ɗan kwangila ba shi ke yanke ranar fitarwa ba, ba shi ke ware kuɗi ba, mawallafi ne, wato kamfanin da ke fitar da wasan kasuwa. Kafin ka zagi kowa, ka binciki yaushe aka miƙa aikin da kuma wa ya ce a sake shi kasuwa.

To ina ake samun gaskiyar? Ba a bangon wasa ba, can sunan mawallafi ne ke cin wuri. Ka jira jerin sunayen da ke gangarowa a ƙarshen wasa, ko ka duba MobyGames inda ake tattara su, ka karanta muƙamin da aka rubuta kusa da sunan kamfanin. Wani lokaci duka na'ura guda aka damƙa masa, wani lokaci taimako kawai ya yi a wani sashe na injin wasan. Abin da aka rubuta a wurin shi za ka ɗauka, kada ka ƙara masa gishiri.