Ƙarin haƙori a bakin yaro: kurakuran da aka fi yi

Haƙoran yaro 20 ne, na babba 32. Abin da ya haura nan ƙari ne, kuma an fi samunsa a muƙamuƙin sama, ta gaba.

Kuskure mafi tsada shi ne jira. Haƙoran gaba na sama suna fitowa ne tsakanin shekara 7 zuwa 8. Yaro ya yi famfara, ɗaya ya fito, ɗan'uwansa shiru, sai ka ji ana cewa nawa ce kawai. Idan an wuce wata 6 a haka, a je a ɗauki hoton haƙori na X-ray, ko a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ko a wani asibitin haƙori da ke kusa. Sau da yawa wani ƙarin haƙori ne ya tare hanya cikin ƙashi. Mai siffar ganga ya fi yin wannan ɓarna: yakan zo bibbiyu ta wajen ganɗa, shi bai fito ba, bai bar na ainihi ya fito ba. In an cire shi da wuri kuma akwai gurbi, na ainihin kan fito da kansa cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In an makara, maƙwabta sun cinye gurbin, sai tiyata da ɗaura wayar daidaita haƙora.

Sai wushirya. Mutanenmu na sonta, ba laifi, amma wadda ta cika faɗi, ko haƙori ɗaya ya karkace, a duba. Wani ɗan ƙaramin ƙari mai tsini kamar ƙusa yana zama daidai tsakiya, wani lokacin ma kansa na kallon hanci.

Kada a kai wa wanzami ko mai cire haƙori a kasuwa. Akwai ƙarin da ya yi kama da na ainihi sak; ba hoto, sai a tumɓuke mai lafiyayyen saiwa.

Wasu kuma kan firgita a banza. Sabon haƙori ya leƙo ta bayan na nono a ƙasa, layi biyu: galibi ba ƙari ba ne, tsohon ne bai faɗi ba. A ƙirga tukuna.

Ba kowane ƙari ake cirewa ba. Wanda ke kwance can cikin ƙashi bai taɓa komai ba ana iya barinsa, amma a riƙa sake hoto, don yakan yi ƙullutun ruwa ko ya ci saiwar na kusa da shi.